Abin da aikin kamfen ɗin 2015 ya koya min

Satin nan na miƙa makullin ofis na ajiye aikin sakataren ƙungiyarmu ta goyon bayan Buhari, shi ne na ce bari in ɗan rubuta ko wani yaro mai zumuɗi irin nawa na da zai amfana.

Na shiga ƙungiyar ne lokacin maja, da ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA suka dunƙule suka zama APC a 2013. Da gwamnoni biyar suka bar PDP a Nuwamban shekarar, su Kwankwaso da Wamakko da Nyako da Amaechi da Abdulfatah na Kwara, sai ofis ya cika da baƙin fuska, mutanen da jiya muke zagin juna a majalisa yau muna zama benci ɗaya. Kodinetanmu a cikin waɗannan ya zo. Kafin zaɓen fidda gwani na Legas a Disambar 2014 fosta kala uku ce a but ɗin motarsa, wallahi da idona na gani, da aka ce Buhari ya samu 3,430, Kwankwaso 974, Atiku 954, kafin asuba sauran biyun sun ɓace, ya dawo yana Sai Baba har ya fi mu da muka sha rana tun 2011.

To ga inda na ci ƙasa. Ana saura kwana kaɗan 14 ga Fabrairu, ranar da aka fara sa wa zaɓen, kuɗin ejan, wato wakilanmu a rumfunan zaɓe, suka iso, kodineta ya kira ni ɗaki ya miƙo leda da takarda ya ce sa hannu ka karɓa. Na ce ranka ya daɗe ai rabi ne. Ya ce haba ɗana ni zan cuce ka, cikon na hanya, Abuja ce ke jiran takardar yau yau. Na sa hannu a kan cikakken kuɗi. Sai ga Jega, shugaban hukumar zaɓe a lokacin, ya sanar an ɗaga zaɓe sati shida zuwa 28 ga Maris saboda matsalar tsaro a arewa maso gabas, cikon kuma ya bi ruwa, kullum gobe, kullum oga na mitin.

Yaran nan ni na ɗauko su unguwa unguwa, ni na koya musu yadda za su sa ido a kan na'urar tantance kati, kar su bar akwati sai an ƙirga an ba su kwafin sakamako, a kasa a tsare a raka kamar yadda ake cewa. Kuma sun yi, wasu sun kwana a wurin tattara sakamako ko ruwan leda babu mai ba su. Ranar da Jonathan ya buga waya ya taya Buhari murna gari ya ruɗe da tsintsiya, ni kuwa ejan ne cike a ƙofar gidanmu suna neman haƙƙinsu, sun je wurin kodineta ya zaro takarda ya nuna musu sa hannuna. Mahaifiyata tana jin ana ce min ɓarawo ta bayan katanga. Babur ɗina na sayar na biya, shi kuma bayan rantsuwa aka ba shi muƙami har da mota. Ban taɓa ɗaga maganar ba, shekara da shekaru ina gaishe shi ina rusunawa, Allah dai Ya isa.

Saboda haka kar ka sa hannu a kan abin da ba ka ƙirga ba, ko babanka ne ya miƙo. Lis ɗin mutanenka jarinka ne, ka riƙe kwafi. In an ɗauki hoto da babba ka shiga, wanda ba ya hoto bai yi aiki ba. Alkawarin daren zaɓe kuma ka ji shi kawai.

Akwatunan da na riƙe dai ko ɗaya ba a soke ba, kwafin sakamakon suna nan a jakata har yau, da rasit ɗin babur ɗin.