Ledar da ke cikin tumbi

Asabar, ƙarshen watan Yuli.

Ruwan daren jiya bai ɗauke ba sai gab da asuba. Da na fito alwala na tarar tsakar gida ta zama tafki, ruwa har ya kusa dokin ƙofar ɗakin Hajiya, surukata. Na san rariya ce ta toshe. Na ɗage zani, na durƙusa, na zura hannu cikin ramin. Ledar fiya wata guda bakwai na zaƙulo, da ta biskit, da wata baƙa da ta naɗe su kamar igiya. Ina cirewa ruwan ya tafi zuu, sai ka ce ba shi ne ya kwana yana neman shiga ɗaki ba.

Yau Asabar ɗin ƙarshen wata ce, ranar tsaftar muhalli a nan Kano, ba zirga-zirga daga bakwai zuwa goma. Maigida da samarin layi suka fita yashe kwata da shebur. Ni kuma na ce yau kam sai na ga ƙarshen lungun bayan kicin, inda nake jibge duk abin da zuciyata ta ƙi yarda in zubar.

Ni da Ummi muka baje komai a kan tabarma. Robobin lemo da na ruwa sun kai arba'in da uku. Muka cire takardun jikinsu, muka wanke da ruwa mai ɗumi da omo, muka kife a rana. Ruwan kada ya yi zafi sosai, yanzu roba ta yamutse. Maƙwabciyata mai kunun aya da zoɓo ce ke saye, kuma ta fi son na gidajen da ta sani, don ba ta yarda da wanda aka tsinto a bola. Gwangwanayen madara na ware su don alala da awon gishiri. Manyan na tumatir Ummi ta kwashe, a ciki take shuka na'a-na'a da ɗoɗɗoya. Kwalabe kuwa dama nan yaji da kuka da daddawa suke zama. Abu ɗaya ne ban yi wa sassauci ba, jarkar maganin ƙwari da aka yi mana feshi da shi. Na sa ƙusa na huhhuda ta ta ko'ina. Na tsani in ga irinta a hannun yaro an aike shi sayen man gyaɗa.

Goma na wucewa sai ga muryar ɗan gwangwan daga bakin layi. Yaron nan ya fi shekara biyu yana zuwa gidanmu da kurarsa. Ana yawan zagin masu sana'arsu, ana cewa ɓarayi ne, kuma ban ce babu ɓata-gari a cikinsu ba, amma shi ko cokali bai taɓa ɗauka ba sai an miƙa masa.

“Ina kwana, Hajiya. Yau akwai kaya?”

Na ce, “Akwai, ɗan nan. Shigo zaure.”

Na fito masa da tsohon risho, da fasasshen bokiti biyu, da silifa da suka tsinke, da buhu guda na gwangwanin lemo da yara suka tattake. Ya ciro maganaɗisun tsohuwar sifika daga aljihu yana dangwala wa kowane abu. Wanda ya kama ƙarfe ne, ya jefa gefe. Wanda bai kama ba ya ce dalma ce, ita ce mai kuɗi. Ya rataya a ɗan sikelinsa, ya juyo da fuskar sikelin wajena don in gani da idona. Gwangwanin lemon nan wurin maƙera za su, a narka a zuba a cikin ƙasa, su fito tukwane da ludaya. Tukunyar da nake tuƙa tuwo a ciki ma haka aka yi ta. Fasassun robobi kuma a niƙa su, su shiga kamfanonin Sharaɗa ko Bompai, wata rana in je Ƙofar Wambai in sayo su a matsayin buta. Wannan lissafin yana faranta mini rai ƙwarai, har na kan tsaya ina kallon butar gidan ina tunanin ko tsohon bokitina ne ya dawo.

Sai na jawo buhun leda. Ya leƙa, ya girgiza kai.

“Ta fiya wata akwai masu saye, Hajiya, amma sai ta taru da yawa, ba ta da nauyi. Baƙar nan kuwa ko kyauta ba mai karɓa.”

Na mayar da buhun inda na ɗauko shi.

Bayan azahar ne abin ya faru. Akuyar Hajiya, surukata, ta fi wata guda tana ramewa. Ciki ya kumbura, ƙashin baya ya fito, in an zuba mata dusa sai ta sunsuna ta juya. An ba ta kanwa, an ba ta maganin tsutsa, shiru. Yau ta kwanta ta kasa tashi. Hajiya ta daɗe tsaye a kanta, sannan ta ce wa maigida, “Kira mahauci kafin ta zama mushe.”

Ina tsaye riƙe da baho lokacin da ya farke tumbin. Abinci ɗan kaɗan ne a ciki. Sauran duk leda ce, ta murɗe ta dunƙule ta yi tauri, girmanta ya fi ƙwallon da yara ke bugawa a layi. Ya sa wuƙa ya kasa raba ta. Na ga baƙa, na ga fara, na ga wata mai ratsin shuɗi irin wadda ake ƙulla mana shinkafa a shagon bakin titi. Mahaucin bai ko yi mamaki ba, ya ce kusan kullum sai ya ci karo da irin wannan. Dabba tana jin ƙamshin mai ko gishiri a jikin leda ta haɗiye, ita kuma ba ta narkewa. Tana nan tana taruwa har ta cike wurin abinci, dabbar tana jin ta ƙoshi alhali yunwa ke kashe ta.

Akuyar nan da kuɗin adashi Hajiya ta saye ta. Ta bar 'ya'ya biyu da ba su kai yaye ba.

Hajiya ba ta yi kuka ba. Da la'asar tana zaune tana gyaran zogale, ni ina wanke hanji, sai ta fara magana kamar da kanta take. Ta ce a zamaninsu mace da ƙwarya ko kwando take zuwa kasuwa. Nama a takarda ake naɗe shi, goro a ganye, mai a kwalba. Ƙwarya in ta tsage a kai wa gyartai ya ɗinke. Tuwo ya kwana ya zama ɗumame, na gindin tukunya ya zama ƙanzo, toka a wanke kwano da ita, tsohon zani ya koma majanyi, daga nan ya koma tsumma. Abin da ya rage a juji, da rani manoma su zo da jakuna da mangala su kwashe su kai gona, har godiya suke yi. “Yanzu fa, 'yar nan,” in ji ta, “wanda ya kai sharar birni gonarsa sai ya kwana yana tsintar leda.”

Na yi shiru, don na san hannuna na ciki. Cefanen jiya kaɗai na ƙirga leda goma sha ɗaya: tumatir da tasa, attaruhu da tasa, albasa da tasa, sannan a haɗa su duka a wata babba. Ranar da nake sauri a leda nake ƙulla alala, ga gwangwanaye a ajiye. Da leda nake hura gawayi, hayaƙin nan mai ɗaci yana shiga idon yara. Kuma ledar shinkafar nan mai ratsin shuɗi daga kicin ɗina ta fita, ba daga gidan kowa ba.

Na tuna Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi baya a 2017, kuma mutanensu ba su daina cefane ba. Ko Legas ta hana farar robar zuba abinci a farkon 2024. Ina fata a yi mana irin haka, amma yau ba dokar ce ta tsaya mini a rai ba, dunƙulen nan ne da na gani a cikin baho.

Bayan magariba na zazzage ragowar shinkafa a bokiti mai murfi, na wanke buhun, na yanke, na hau keke na ɗinka jaka biyu masu hannu. Ɗaya na rataye a jikin babur ɗin maigida. Ya duba, ya ce, “Ta cefane ce?” Na ce eh, kuma don Allah in mai kayan miya ya ɗauko leda ya ce masa ya juye a nan. Ya ce to. Auta kuma da na aike shi sayen ƙosai na ba shi kwano mai murfi. Ya dawo yana cewa mai ƙosan ta ƙara masa guda biyu.

Buhun ledar na ɗaure bakinsa tam, na ɗora can saman katangar kicin inda dabba ba za ta kai ba. Ta fiya wata na ware daban, zan ci gaba da tarawa har ta yi nauyin da yaron zai karɓa.

Robobi arba'in da biyu na aika wa maƙwabciya. Ɗayar Ummi ta riƙe, ta huda murfin, ta ɗaura ɗan tsumma a baki. Yanzu haka ina jiyo ta a zaure ita da Hajiya, ɗaya ta riƙe fitila, ɗaya tana ɗura wa 'yan akuyar madara. Ƙaramin ya ƙi karɓa tun ɗazu, sai yanzu na ji Hajiya ta ce, “Yawwa, ya kama.”