Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Hilux ɗin Baffa Ta Sauka Daga Kwalta

A makon jiya mun tsaya ne a inda Baffa ya sayo Hilux ya danƙa min makulli. Motar fara ce, ta hannu, mai shan gas, kuma yadda kamfanin Toyota ya ƙero ta haka take. Ba a ɗaga ta ba, ba a sa mata manyan tayoyi ba. Duk tuƙin da na yi mata a watannin farko bai wuce kwalta ba, daga Kano zuwa Haɗeja ta Ringim da Gujungu, in sauke taki in juyo. Ƙaramar giyar nan da ke gefen babbar, mai rubutun H2 (ƙafafun baya kaɗai ke ja), H4 (ƙafa huɗu ke ja) da L4 (ƙafa huɗu, a hankali da ƙarfi), kallonta kawai nake yi.

Da kaka ta yi, riɗi ya shigo, Baffa ya ce ya gaji da jiran dillalai a Malam Madori, gara a bi manoma har gida a ƙauyukan Birniwa. Ya haɗa ni da wani dattijo, tsohon direba, wanda ido ya fara ba shi matsala amma ya san yankin tun zamanin da jirgin ƙasan Kano zuwa Nguru, layin da aka kammala a 1930, ke kwasar gyaɗa.

Muna barin titin Nguru ya ce, "Ɗana, tsaya nan."

"Lafiya dai, Baba?"

"Sauko mu rage wa tayoyin nan iska."

Na yi tsammanin wasa yake. Mai faci ya cika min su da safe, geji ya nuna wajen 35. Baba ya tsinci ɗan tsinke ya danna bakin bawul, bai ɗaga ba sai da kowace taya ta yi tumbi, iskar ta dawo kusan rabi. Ya ce taya mai tauri haƙa rairayi take yi, mai laushi kuwa shimfiɗuwa take ta hau kansa, kamar tafin raƙumi. Sannan ya nuna min wasu 'yan marfuna a tsakiyar ƙafafun gaba, ya sa na murɗa su. A irin waɗannan tsofaffin Hilux ɗin, in ba ka kulle su ba, ko ka ja ƙaramar giya sau ɗari, ƙafafun baya ne kaɗai ke aiki. Direbobi nawa ne suka kwana a jeji suna zagin mota saboda wannan kawai?

Muka shiga da H4. Wanda bai taɓa tuƙi a rairayi ba ba zai gane ba: sitiyari ya daina jin magana nan take, sai ka juya ka jira, motar ta yi shawara tukuna ta bi. Baba na gefe yana ta faɗa. Kar in taka birki da ƙarfi, don tayar gaba za ta tara ƙasa ta binne kanta. Kar in canza giya a tsakiyar tudu. In bi sawun amalanke, in bar wurin da ya yi sumul, don nan ne iska ta tara yashi sabo. Bayan motar kuwa sai rawa yake, domin sifirin ɗin a-kori-kura don kaya aka yi shi, in babu nauyi tsalle kawai yake.

Inda ta kafe wani burtali ne matsattse a hawan jigawa. Muka yi kiciɓis da amalanken shanu ta ɗauko kara tana gangarowa, ba wurin kaucewa, dole na tsaya. Da na zo tashi sai tayar baya ɗaya ta hau juyi tana watsa ƙasa, 'yar uwarta na tsaye ƙiƙam. Haka motar da ba a yi wa gyara ba take, ƙarfin injin yakan gudu zuwa ƙafar da ba ta kama komai ba.

"Cire ƙafarka daga totur!" in ji Baba. "In cikinta ya zauna a ƙasa, sai jak."

Mai amalanken ya sauko ya yi mana sannu, ya zaro kara daga kayansa. Muka yaye ƙasar da hannu da shebur, muka shimfiɗa karan a bayan tayoyin. Baba ya ce in taka kuloci in kai ƙaramar giya L4, in yi baya a kan sawuna, a hankali, kar in ji kunyar ja da baya. Ban ma taka totur sosai ba, motar ta yi wani gurnani ta rarrafo ta fito. Sai da muka koma gindin tudun, amalanke ta wuce, sannan na taho da giya ta biyu na haye ba tare da tsayawa ba.

A ganina masu cewa Hilux ba ta shiga jeji sai an kashe mata kuɗi a wajen bakanike sun faye son ado. Abin da ya fitar da mu tsinke ne da kara da shebur. Amma ina magana ne a kan rairayi. Laka daban ce, kuma fadamar Baturiya ta damina ta nuna min haka daga baya.

Dawowa ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, don buhunan riɗin sun danne bayan motar, ta zauna daram. Muna hawa kwalta Baba ya sa na mayar da giya H2, na buɗe ƙafafun gaba, ya ce ƙafa huɗu a kan titi cin aksul take. Muka lallaɓa a hankali har wajen mai faci a Birniwa ya mayar mana da iska.

Baffa bai tambaye ni yadda hanya take ba. Buhu ɗaya ya farke ya damƙi riɗin, ya ga yashi a ciki, fuskarsa ta canza. Yadda muka ƙare da mutumin da ya auna mana, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.