Kafin ka sayar da babur saboda tabaran VR

Daren jiya muna zaune a fada a unguwar Boukoki ta Yamai, shayi na biyu yana kan wuta, ɗan yayata ya matso ya miƙo mini waya. "Kawu, dubi wannan." Hoton PlayStation VR2 ne, irin tabaran nan da ake ɗaurawa a kai, mutum ya tsinci kansa tsundum cikin wasa. Wai har ya samu mai sayen babur ɗinsa, so yake ya shiga wani wasan yaƙi mai suna Skyrim ya riƙe takobi da hannunsa. Na tambaye shi ko yana da PS5, na'urar wasan da sai an jona tabaran da ita. Ya ce wannan sai daga baya. Gabana ya faɗi, don hanyar da na bi ke nan a 2021.

A lokacin wani tabarau mai suna Quest 2 ake yayi. Ya fito a watan Oktoba na 2020 kan dalar Amurka 299, amma kafin ya iso hannuna ta wajen wani mai zuwa Dubai ya tasam ma jika 250 na CFA. Kuɗin adashe na kwasa, kuma Inna ta san da su, don na yi mata alkawarin sabon kwanon rufi a ɗakinta na Tahoua kafin damina. Na ce wa kaina ai Maris muke, ruwa sai Yuni, zan mayar.

Sai da na buɗe kwali na gane Skyrim VR ba ya tashi a kan Quest shi kaɗai. An yi shi ne don tsohon PlayStation VR a 2017, sannan don kwamfuta a 2018. Dole sai an jona tabaran da kwamfuta mai ƙarfin katin hoto, kuma a shekarar katin ya yi tsada a duniya baki ɗaya. Mai hankali nan zai tsaya. Ni bashi na ci, na sayi kwamfuta ta hannu.

Ba zan ce ban ga komai ba. Daren farko na tsaya a gindin wani dutse, dusar ƙanƙara tana sauka, ni da ban taɓa ganinta ba. Na ɗaga kai, dodo mai fukafukai ya gifta ta samana, sai da na durƙusa a kan tabarma. Har yau in na tuna tsigar jikina tana tashi. Kuma gumina ne, ban sata ba, ban kai gidan caca ba, shekara nawa ina aiki ban yi wa kaina komai ba? Da wannan nake rarrashin zuciyata, wani lokacin har ta yarda.

Afrilu ya zo, zafi ya haura digiri 40. Minti ashirin, soson da ke manne da fuska ya jiƙe sharkaf, gilashin ya yi hazo. Ina tsakiyar faɗa a ɗauke wuta, kwamfuta ta mutu. Ga jiri da tashin zuciya, saboda ido yana ganin kana tafiya alhali ƙafa tana tsaye. Wata rana kuma na bar shi a bakin taga, rana ta bi ta gilashin ta ƙone allon ciki, ta bar tabo daidai idon dama. Ba wanda ya iya gyarawa.

Ruwa ya sauka ban aika ko sisi ba. Ƙanwata ce ta gaya mini Inna ta jera robobi uku a ɗaki suna tarar yoyo, ta ja katifarta zuwa lungu. Ita Inna har yau ba ta tada maganar ba.

Na yi niyyar jero wa yaron nan shawarwari goma, amma yana saurare yana latsa waya. Wannan hali naku, ƴan yanzu, shi ke ƙona mini rai: bidiyon minti ɗaya ya fi muku maganar wanda wuta ta ƙona.

To, ga ta a taƙaice. Zaɓi wasa kafin tabarau. Skyrim na tsohon PlayStation VR ba ya tashi a PlayStation VR2, ko da ka sayi PS5 ɗin. Shi VR2 allonsa yana da kyau ƙwarai, duhun kogo baƙi ƙirin, amma dalar Amurka 549 ya fito a 2023, ga waya a jikinsa, ga wuta da yake jira. A garin nan mai batir ya fi mana. Quest 3S na 2024, mai araha, yana tafiyar da wasan Asgard's Wrath 2 ba tare da kwamfuta ba, batirinsa yana kai wajen awa biyu, sai dai wasan ya haura giga 30, ka lissafa kuɗin data.

Ko da yake in dai za ka saya, kada ka yi rowa, ka tara ka ɗauki Quest 3. Injinsu ɗaya da 3S, amma gilashinsa ya fi tsabta har gefe, kuma irin waɗannan wasanni cike suke da rubutun da sai ka karanta. Na san yanzu na ce mai araha. Gaskiyar zuciyata ma, kada ka sayi ko ɗaya muddin abin da kake neman abinci da shi za ka sayar.

Da zai tafi na shiga ɗaki na ɗauko nawa, da tabonsa da ƙurarsa. Na ce ya caja shi, ya sa a kai gobe da azahar na awa guda, sannan ya dawo mu yi maganar babur. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "To, Kawu." Mai sayen kuwa Juma'a zai zo da kuɗi.