"Ai Kyauta Zan Raba": Hira da Wani Mai Neman Aiki

Ƙaramin kamfani gare ni, mu biyar muke haɗa wasannin waya da na kwamfuta. Kusan duk matashin da ya zo neman aiki, abin da yake fara nuna min shi ne wani tsohon wasa da ya taso da shi, ya sake gina shi da hannunsa. Ba na raina wannan ko kaɗan, ni ma ta nan na koya. Wanda ya kwana yana gyara tsallen ɗan wasa har ya yi daidai da na asali ya san aiki.

Kwanaki wani yaro ya buɗe min laftof ɗinsa, ya nuna min wani tsohon wasa da ya sake ginawa, aikin shekara biyu, komai tsaf. Na tambaye shi me zai yi da shi. Ya ce, "Yallaɓai, intanet zan sa. Ai kyauta zan raba, ba sayarwa ba."

Nan gabana ya faɗi, domin haƙƙin mallaka bai tsaya kan ciniki ba. Zane da kiɗa da labari da rubutun manhaja duk na mai su ne, sunan wasan kuma tambarin kasuwancinsa ne. Sai na ba shi labarin wasan AM2R, wanda wani mai suna Milton Guasti ya shafe kusan shekara goma yana ginawa a kan Metroid II, tsohon wasan kamfanin Nintendo. Ya fito a Agustan 2016, cikin 'yan kwanaki Nintendo ta sa aka sauke shi. Pokémon Uranium ma, wasan da masoya Pokémon suka haɗa, aikin shekara tara, a wannan Agustan aka sauke shi. Gaskiya ne kamfanin Valve ya bar masu wasan Black Mesa suka sake gina wasansa Half-Life har suka sayar a Steam, kasuwar wasanni ta intanet, amma wannan alfarma ce, mai abu ya ga dama. Kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da ya rage wa yaron shi ne salon wasan. A Amurka doka ba ta killace ƙa'idojin wasa ba, kodayake a 2012 kotu ta kama kamfanin Xio da laifi saboda wasansa ya ɗauko kamannin Tetris sak.

Na ɗauke shi aiki. Mako uku muka yi muna cire duk abin da ba nasa ba. Ranar da ya goge kiɗan buɗewa ya daɗe bai ce uffan ba, ni ma ban matsa masa ba. Tsallen nan da ya sha wahala a kai yana nan, yanzu wata 'yar akuya ce da ya zana da kansa take yin sa.