React, Vue ko Svelte? Wayar Alhaji ce ta raba min gardama

Watan jiya na gama wa wani Alhaji mai shagon atamfa da leshi shafin intanet, irin wanda mutum zai shiga ya ga kaya da farashi, in abu ya masa ya danna ya faɗa WhatsApp a ƙarasa ciniki. Da React na gina shi, ɗaya daga cikin firemwok, wato kayan aikin da ake gina shafukan intanet da su, a laftof ɗina komai tsaf, a wayata ma haka. Na tura masa da daddare, washegari da sassafe sai ga kiransa. Bayan mun gaisa yace "Malam, abin nan naka fa fari fat nake gani, ko atamfa ɗaya babu." Nace "Ranka ya daɗe da wace burauza ka buɗe?" Yace shi dai wannan mai jan O ɗin da yake karanta labarai da ita. Opera Mini kenan, kuma ya saita ta a matakin tsimin data na ƙarshe.

Wallahi abin ya tsaya min a rai, domin laifin nawa ne, ban tambayi da wace waya shi da kwastomominsa suke shiga intanet ba. Ita Opera Mini a wannan matakin ba wayar bace ke buɗe shafin, sabar kamfanin ce, wato babbar kwamfutarsu, ke buɗewa ta matse shi ta aiko maka, shi yasa take cin data kaɗan kuma shi yasa mutanenmu suke sonta. JavaScript, wato kod ɗin da ke sa shafi ya yi aiki, ɗan lokaci kaɗan ake bashi ya yi aiki a can sabar. Toh shi kuma React in ka barshi yadda ya zo, HTML, wato ainihin rubutun shafin da yake fara turawa, kusan fanko ne, sai kod ɗin ya sauka ya tashi sannan ya zana komai a cikin burauza, in bai samu ya tashi ba shikenan farin shafi.

Mu masu wannan sana'a in mun zauna musu muke akan wane firemwok yafi iya kaza da kaza. React Facebook ne suka fitar dashi a 2013, kuma gaskiya babu wanda ya kai shi jama'a, duk matsalar da ka ci karo da ita wani ya riga ka kuma ya rubuta maganinta, ga guraben aiki sun fi yawa a ɓangarensa, amma shi zanen fuskar shafi kawai ya sani, sauran kayan haɗi kai zaka nemo. Angular na Google kuwa da kayansa yake zuwa cikakke, hanyar zirga-zirga tsakanin shafuka, fom, komai da TypeScript wato JavaScript mai ƙarin ƙa'idoji, yayi kyau ga babban kamfani mai ma'aikata da yawa amma ga shagon atamfa yayi nauyi. Vue na Evan You ya fito a 2014, ni dai a ganina shine mafi sauƙin koyo ga wanda ya iya HTML. Svelte na Rich Harris shi dabararsa daban, tun lokacin haɗa shafin yake juya kod ɗinka zuwa JavaScript zalla, don haka abinda wayar mutum zata sauke kaɗan ne.

Duk wannan gaskiya ne amma babu ko ɗaya da ya amsa kiran Alhaji.

Da can in ana maganar wace burauza firemwok ke ɗauka, Internet Explorer 11 ake nufi. Wannan babin an rufe shi: Vue 3 baya aiki da ita saboda ya dogara da wani fasalin JavaScript mai suna Proxy wanda babu wani faci da zai iya kwaikwayonsa, Angular 13 ya ajiye ta a 2021, React 18 a 2022, ita kanta Microsoft ta yi mata ritaya a watan Yunin 2022. Namu ciwon kan yanzu a aljihun mutane yake. Ƙananan wayoyin Itel da Tecno masu ɗan ƙaramin RAM, Chrome ɗin ciki wani tun da ya sayi wayar bai taɓa sabunta shi ba saboda tsoron data, sannan ga iPhone na hannu da suka cika gari. Wannan na iPhone ɗin mutane da yawa basu lura dashi ba, a wayoyin da ke hannunmu ko Chrome ka saka injin Safari ne a ƙarƙashi wato WebKit, kuma baya sabuntuwa sai iOS ɗin gaba ɗaya ya sabuntu. iPhone 7 a iOS 15 ta tsaya. Tailwind 4, wani kayan tsara kamannin shafi da ya fito a farkon 2025, shi kuma Safari 16.4 yake buƙata zuwa sama, kaga duk mai iPhone 7 zai iya ganin shafinka a hargitse kai kana can kana ganin komai lafiya a laftof.

Abinda nayi ƙarshe shine na sake gina shafin da wani firemwok mai suna Astro, wanda shi HTML gamamme yake turawa, baya haɗa JavaScript sai inda kace ya saka. Da na so zama akan React ɗin ma da Next.js, firemwok ɗin da aka gina akan React, zai min kusan haka tunda yana iya zana shafin tun daga saba, haka Nuxt ga masu Vue da SvelteKit ga masu Svelte. Madannin WhatsApp ɗin na mayar dashi mahaɗi na yau da kullum mai wa.me, babu kod a bayansa, hotuna kuma na rage musu nauyi sosai. Na kuma koma duba shafin caniuse, mai nuna abinda kowace burauza ke iya ɗauka, kafin na ɗauki duk wani sabon salon CSS wato kod ɗin tsara kamannin shafi, akwai layin Opera Mini a teburinsu, in ka ganshi ja sai ka nemi wata hanyar ko ka tanadi madadi.

Wani abu ma da na gano a hanya, salon rubutun da na zaɓa mai kyan gani bashi da ƙ da ɗ da ɓ, sai burauza ta aro su daga wani salon, kalma kamar "ɗinki" ta fito harafin farko daban sauran daban kamar an yi mata faci. Wannan babu ruwan firemwok, amma duk mai gina shafin Hausa dan Allah ya rubuta haruffan nan ya gani da idonsa kafin ya miƙa aiki.

Ranar Asabar naje kasuwar waya ta Farm Centre a Kano na sayi tsohuwar Itel ta hannu na saka mata Opera Mini, tana nan kan tebur kusa da laftof. Aikin da ke gabana na wata makaranta ne, akwai fom na rajistar ɗalibai da duba sakamako, iyaye ne zasu riƙa shiga da wayoyinsu, ina tunanin Nuxt amma sai na gwada fom ɗin a Itel ɗin nan tukuna.