Yammaci a Lambun Mardok na Ngaundare

Daga Marwa zuwa Garwa, a arewacin Kamaru, babu abin faɗi, sai wani jandarma da ya riƙe katin shaidata yana jujjuya shi, ya ƙi amsa sallamata. Bayan mun haye gadar Binuwai muka yi doguwar tafiya, da motarmu ta fara hawan tsaunin Adamawa kuwa sai iska ta sauya, domin Ngaundare tana bisa tudun da ya haura mita 1,000.

Kawuna, wanda ya daɗe yana fataucin shanu a can, shi ne ya kai ni lambun shaƙatawar da ake kira Bois de Mardock a gefen gari. Ya ce mini, "Ɗana, in kana son ganin mutanen garin nan gaba ɗaya, kada ka tsaya a ƙofar fadar Lamiɗo kaɗai." Da gaskiyarsa. Tsohon garin na Fulani ne tun ƙarni na 19, amma isowar jirgin ƙasa daga Yawunde a 1974, da jami'ar da aka kafa a Dang, kusa da garin, a 1993, sun jawo baƙi daga ko'ina, unguwanni suka yi ta miƙewa, har inuwar da kowa zai zauna ba tare da neman izinin mai gida ba ta yi wuya. A ƙarƙashin dogayen itatuwan na ga ɗalibai sun baje takardu a kan benci, amarya da ƙawayenta ana ɗaukarsu hoto, ga wata Bahaushiya ta shimfiɗa tabarma tana ɓare wa jikokinta gyaɗa, kunnena kuma yana jin Fulatanci da Faransanci da Hausa a haɗe.

Mu a Marwa darbejiya ta rufe titunanmu, amma inuwar dillalai da masu acaɓa ce, ba wurin da magidanci zai kai iyalinsa ba.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne tsadar abinci. Tsiren da aka kawo mana bai kai rabin na kasuwarmu ba, kuɗinsa kuwa ya ninka, a garin da shanu suka fi yawa! Kawu ya hana ni taya mai naman, ya biya, ya kuma ƙara mini da zumar Adamawa a jarka.

A dawowa na kwana a Garwa saboda tayarmu ta fashe, zafi kuma ya hana ni barci. Washegari da azahar na isa gida.