Na wuni ina leƙen ƙafar sauro

Talata, da dare. Wuyana ya ƙage, idanuna na yaji. Tun safe nake sunkuye a kan madubin ɗakin gwaje-gwaje, matsefata a hannu, ina juya matattun sauron da tarko ya kama daren jiya.

Rabon farko ba ya cin lokaci. Namiji eriyarsa buzu-buzu take, sai a ture shi gefe tunda ba ya shan jini. A cikin matan kuma ana duba 'yan sandunan nan biyu da ke gefen tsinken baki. In gajeru ne, Culex ce ko Aedes. In sun kamo tsawon tsinken, to Anopheles ce, mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro, kuma ita muke nema.

Daga nan ne ido ke fara wahala. Anopheles gambiae ƙafafunta da ɗigo-ɗigo, kamar an fantsama musu farin fenti. Funestus ta fi ta ƙanƙanta da duhu, ƙafarta ba ɗigo. Pharoensis kuwa ba ta ɓuya, gefen cikinta duk tukkaye ne. Ita kaɗai ce ba ta ba ni ciwon kai.

Bayan azahar ɗalibar da ke koyon aiki a wurina ta ɗago kai ta ce, "Malam, wannan gambiae ce ko arabiensis?" Na ce mata ko kwana za ta yi a kan madubin nan ba za ta raba su ba, ni ma haka. Gambiae, coluzzii, arabiensis, melas, merus da quadriannulatus duk riga ɗaya suka sa. Yawancinsu sai da masana suka riƙa haɗa su aure a keji, suka ga 'ya'ya mazan da aka samu ba sa haihuwa, sannan aka gane jinsi daban-daban ne. Coluzzii ma sai a 2013 aka raɗa mata suna.

Ta ce to mene ne na damuwa in kamanninsu ɗaya? Ai halinsu ne ya bambanta. Gambiae da coluzzii mutum suke bi har cikin ɗaki, gidan sauro mai magani yana maganinsu. Arabiensis tana cizon shanu, tana cizon mutum a waje. Melas a ruwan gishiri na gaɓar teku take ƙyanƙyasa. Quadriannulatus dabbobi ta fi so, ba a lissafa ta cikin masu yaɗa cutar. Shi ya sa a takarda muke rubuta dangin gambiae kawai, mu sa kowace a 'yar kwalbarta, gwajin PCR, wanda ke duba ƙwayoyin gadon sauron, ya ƙarasa.

Masu cewa tunda akwai PCR a ajiye madubi, ban bi su ba. Kowane gwaji danginsa yake nema, in ka tura masa baƙuwa, ko ya yi shiru ko ya ba ka amsar banza. Ga Anopheles stephensi ta Asiya, wadda a Afirka aka fara ganin ta a Jibuti a 2012, a Najeriya a 2020. Ƙafarta ma da ɗigo, mai gaggawa zai jefa ta cikin gambiae. A sandunan baki ake kama ta, domin nata da ɗigo-ɗigo.

Abin haushi, fankar tarkon ta goge wa da yawa zanen jikinsu, wasu ma ƙafafun baya sun karye. Waɗannan na ware su daban. Gobe zan roƙi masu kwaso tarko su riƙa zuwa da sassafe.